Nokia ya faɗi, Salo ta bi shi: abin da ke kashe garuruwan masana'antu

Kafin zuwan Tecno da Infinix da Redmi, idan aka ce waya a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, Nokia ake nufi. Nokia 3310 da ta fito a shekarar 2000, har yau ana barkwanci da ƙarfinta, ana cewa in ta faɗi a siminti, simintin ne zai ji jiki. Nokia 1100 mai tocila kuwa, wadda ta fito a 2003, an sayar da ita wajen guda miliyan 250. Daga 1998 har zuwa 2012 babu kamfanin da ya kai Nokia yawan sayar da waya a duniya. A wajejen 2007, cikin kowace waya 10 da aka saya a faɗin duniya, kusan 4 nasa ne.

Yadda kamfanin ya faɗi, kusan kowane mai riƙe da waya ya san labarin a taƙaice: iPhone ta fito a 2007, wayar Android ta farko ta biyo baya a 2008, Nokia ya tsaya nawa har jirgi ya tashi ya bar shi. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne garin da ke bayan wayar, da mutanen da suka gina gidaje suka yi aure suka sa yara a makaranta da albashin haɗa ta. Sunan garin Salo, a kudu maso yammacin ƙasar Finlan. Abin da ya same shi ya sami Rochester a Amurka, ya sami Bochum a Jamus, ya kuma sami unguwar Kakuri a Kaduna.

Idan ana lissafin abin da ya karya irin waɗannan garuruwa, yawanci sai a ɗora laifin kan sabuwar fasaha, ko kan kayan Chaina masu araha, ko kan wani shugaban kamfani da ya yi kuskure. Duk waɗannan sun taka rawa. Amma su guguwa ce, kuma guguwa tana bi ta kan kowane gari. Abin da ke raba garin da ya tashi bayan ta wuce da wanda ya kwanta shi ne abin da garin ya yi a lokacin da kuɗi ke shigowa. Garin da ya jingina cinsa da shansa kan kamfani ɗaya, ya bar yanke hukunci a hannun wasu da ke nesa, bai kuma juya ribar zuwa ilimin da za a iya kaiwa wata sana'a ba, ranar faɗuwarsa kawai ake jira.

Salo: garin da waya ta raya

Salo ƙaramin gari ne tsakanin Helsinki da Turku, mutanensa ba su fi 55,000 ba ko a lokacin da yake tashe. Tun 1928 ake haɗa rediyo a garin, a kamfanin da daga baya ya zama Salora, ya kuma shahara da yin talabijin. A 1979 Salora da Nokia suka haɗa gwiwa suka kafa Mobira don yin wayar tafi-da-gidanka. Daga nan harkar wayar Nokia ta samo asali. Da kasuwa ta buɗe a shekarun 1990, Salo ta zama cibiya: ga masana'antar haɗa waya, ga kuma ofisoshin injiniyoyin da ke zana sababbi. Dubban mutanen garin Nokia ke biyansu albashi kai tsaye. Wasu dubban kuma suna ci ta hanyar ƙananan kamfanonin da ke yi masa roba da kwali da jigila da shara da abinci.

Ƙasar ma gaba ɗaya ta jingina da shi. A shekarar 2000, Nokia shi kaɗai ya samar da kusan kashi 4 cikin 100 na duk abin da tattalin arzikin Finlan ya samar. Idan ƙasa ta kai haka, sai a auna yadda ƙaramin gari irin Salo zai kasance. Harajin da kamfanin ke biya ya sa hukumar garin ta zama cikin masu wadata a ƙasar. Matashi yana gama sakandare, aiki na jiransa a layin haɗa waya. Mai tunanin buɗe nasa kamfanin sai ya duba albashin Nokia ya fasa. Mai wani kamfanin da ke son shigowa garin sai ya tarar duk ƙwararru Nokia ya kwashe, shi kuma ba zai iya biyan abin da ake biyansu ba. Babban kamfani kamar babbar bishiya yake: inuwarsa na da daɗi, amma tsiro ba ya girma a ƙarƙashinsa.

Sai kiɗa ya canza. Babbar manhajar Nokia, wato Symbian, an gina ta ne don waya mai madannai, ta kasa gogayya da wayoyin da ake shafa fuskarsu. Masu ƙirƙirar manhajoji suka koma wajen Apple da Google, masu saye suka bi su. A watan Fabrairun 2011, sabon shugaban kamfanin, Stephen Elop, ya sanar da cewa Nokia zai koma amfani da Windows Phone ta Microsoft. Wayoyin Lumia sun fito, kyamararsu ta burge, amma kasuwa ba ta karɓe su ba. A 2012 aka rufe masana'antar Salo, wadda ita ce ta ƙarshe da Nokia ke haɗa waya a Finlan. A 2014 Microsoft ya kammala sayen sashen wayoyin Nokia kan yuro biliyan 5.44. Shekara ɗaya bayan haka, a Yulin 2015, Microsoft ya amince ya yi asarar dala biliyan 7.6 a cinikin, ya sallami ma'aikata har 7,800, ya kuma rufe sashen zanen waya da ya rage a Salo.

Cikin shekara uku garin ya rasa masana'anta, ya rasa injiniyoyi, ya rasa haraji. Rashin aiki ya yi sama, darajar gidaje ta faɗi, matasa suka nufi Turku da Helsinki. Nan ne muguntar abin take: a daidai lokacin da mutane suka fi buƙatar taimakon hukuma, a lokacin ne asusun hukumar ya bushe, domin tushen kuɗin jama'a da tushen kuɗin hukuma duk ɗaya ne.

Hannu a nan, hukunci a can

Akwai masu cewa duk wannan laifin Elop ne, da ya ɗauki Android da Salo na nan daram. Wataƙila da Nokia ya tsira. Amma tarihin masana'antun kamfanin ya nuna cewa tsirar kamfani daban, tsirar gari daban.

A watan Janairun 2008, lokacin Nokia na kan ganiyarsa yana cin riba, ya sanar da rufe masana'antarsa ta Bochum a Jamus mai ma'aikata wajen 2,300. Dalili kuwa, albashin Jamus ya yi tsada. Aka kwashe aikin zuwa Jucu, kusa da birnin Cluj na Romaniya, inda mutane suka yi murnar cewa arziki ya zo. Murnar ba ta kai shekara huɗu ba. A 2011 aka sanar da rufe ta Romaniya ita ma, aka mayar da aikin Asiya, kusa da masu yin kayan haɗi. Can ma abin bai zauna ba: babbar masana'antar Nokia da ke kusa da Chennai a Indiya ta daina aiki a Nuwamban 2014, bayan rigimar haraji da hukumomin ƙasar ta hana a haɗa ta cikin cinikin Microsoft.

Garuruwa huɗu ke nan a ƙasashe huɗu, kowanne an ba shi aikin ɗaura sassan waya, kowanne an karɓe. Ma'aikatansu ba su yi laifin komai ba. Abin da suke sayarwa shi ne hannu da lokaci, kuma kullum akwai wani gari da zai sayar da nasa a farashin da ya fi sauƙi. Wanda ke zana wayar, yake riƙe da manhajar da sunan kaya da hanyar kai su kasuwa, shi ke yanke hukunci, kuma yawanci ba a garin yake zaune ba.

Bochum ma ta sha irin wannan har sau uku. Asalinta garin haƙar kwal ne, ramin ƙarshe aka rufe a 1973. Aka kawo masana'antar motar Opel ta maye gurbi, aka kawo Nokia. Nokia ya tafi a 2008, Opel ya rufe a ƙarshen 2014. Duk lokacin da babban kamfani ya tafi, sai a nemo wani babban a jingina da shi. Ciwon na nan, suna kawai ake canzawa.

Kodak: ko an ci kasuwa, aikin ba zai dawo ba

Duk wanda ya taɓa zuwa shagon mai hoto a ce masa ya dawo jibi bayan an wanke, ya taɓa hulɗa da duniyar Kodak. A birnin Rochester na jihar New York George Eastman ya kafa kamfanin, ya fitar da kyamarar Kodak ta farko a 1888. A 1982, ma'aikatan Kodak a yankin Rochester kaɗai sun haura 60,000.

A cikin Kodak ɗin ne wani matashin injiniya, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975. Nauyinta ya kai kilo 3.6, hoton baƙi da fari ne, kuma sai ta ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Ana yawan ba da labarin kamar shugabannin kamfanin sun jefa ta a kwandon shara ne suka manta. Gaskiyar ta fi haka sarƙaƙiya. Kodak ya zuba kuɗi a dijital, ya fitar da kyamarorin EasyShare da suka yi kasuwa sosai a Amurka, a 2001 kuma ya sayi Ofoto, shafin ɗora hotuna a intanet, tun kafin a haifi Facebook. Matsalar ita ce ribar Kodak a fim take, da sinadarin wanki da takardar buga hoto. Mutum yakan sayi kyamara sau ɗaya, amma fim kullum sai ya saya. Kyamarar dijital ba ta cin fim, ribarta kaɗan ce, daga baya ma waya ta haɗiye ta.

A Janairun 2012 Kodak ya je kotu ya bayyana cewa ya karye. Wata uku bayan haka Facebook ya sayi Instagram kan dala biliyan 1. Ma'aikatan Instagram a lokacin su 13 ne. Bayan shekara biyu ya sayi WhatsApp kan kusan dala biliyan 19, ma'aikatansa ba su kai 60 ba.

Waɗannan alƙaluma su ne amsar masu cewa da Kodak ya yi wayo da Rochester ta tsira. Ko da Kodak ne ya ƙirƙiro Instagram, ba zai buƙaci mutum 60,000 ba. Hoton da ake ɗauka yanzu ya ninka na zamanin fim sau ba adadi, amma ba ya buƙatar mai haɗa sinadari, ko mai naɗe fim, ko direban da zai kai shi shago. Sabuwar fasaha takan canza yawan mutanen da ake buƙata da irin mutanen da ake buƙata, ta kuma canza garin da za su zauna. Garin da ke jiran tsohon aiki ya dawo da tsohon yawansa zai daɗe yana jira.

Kakuri: inda masaƙu suka yi shiru

Wanda aka haifa bayan shekarar 2000 zai iya wucewa ta Kakuri bai san cewa nan ce ta taɓa zama zuciyar masana'antar yadi ta Najeriya ba. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, ta fara aiki, gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa ta tare da kamfanin David Whitehead na Birtaniya. A shekarun 1960 sai ga UNTL ta attajiran Hong Kong, ga Arewa Textiles mai hannun 'yan Japan, ga Nortex. A 1975 Peugeot ya fara haɗa mota a garin, a 1980 matatar mai ta buɗe. Kano ita ma tana da nata a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Masaƙu sun kai matsayin da babu wani ɓangaren masana'antu a Najeriya da ya kai su ɗaukar ma'aikata. Ƙungiyar ma'aikatansu a Kaduna take da hedikwata, kuma Adams Oshiomhole, wanda daga baya ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ya kuma yi gwamnan Edo, a Arewa Textiles ya fara aiki.

Kaduna ta fi Salo da abu ɗaya: sarƙarta ta kai har gona. Manomin auduga a Funtuwa da Malumfashi da Gusau yana nomawa, injin gurza yana cire gurya, masaƙa tana kaɗi tana saƙa tana buga atamfa, ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana sayarwa har Nijar da Chadi da Kamaru. Amma injinan, da kayan gyaransu, da yawancin rini da sinadarai, daga waje ake sayo su da kuɗin waje. Da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, darajar naira ta zube, sayen sabon inji ya zama sai wane da wane. Masaƙu da yawa suka ci gaba da lallaɓa injinan da aka girka tun shekarun 1960 da 1970, alhali masaƙun Asiya na sabunta nasu.

Sai ga matsalar wuta. Masaƙa ba shagon caji ba ce da za a ce in an ɗauke a jira. Injin saƙa in ya tsaya a tsakiyar aiki zare ya tsinke, rini in ya huce yadi ya lalace. Dole kowace masaƙa ta koma janareta, ta kuma nemi baƙin mai na dafa tukunyar tururi, wanda ya riƙa wuya duk lokacin da matatar Kaduna ta tsaya. Duk wannan kuɗi a kan kowane yadi ɗaya yake hawa.

A kan masana'antar da ta riga ta galabaita haka aka buɗe ƙofa. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Ko da aka dawo da haramcin daga baya, fasa-ƙwauri ta iyakar Benin da Nijar ya riga ya zama sana'a mai ƙarfi. A farkon 2005 kuma tsarin kason da ke taƙaita cinikin yadi a duniya ya ƙare, masaƙun Chaina suka samu fili. Har zanen atamfar Najeriya ake kwaikwaya a can, a buga mata tambarin masaƙar gida, a dawo da ita a sayar a ƙasa da farashin ta ainihi. KTL ta rufe a 2002, Arewa Textiles ta bi baya, UNTL ta rufe a 2007. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Mai gidan haya a Kakuri, da mai tuwo a bakin ƙofar masaƙa, da manomin auduga da ya koma masara, duk a jirgi ɗaya suka nutse.

Shin Chaina ce ta kashe Kakuri? Ita ta kai bugun ƙarshe. Amma guguwar Chaina ta 2005 ta bi ta kan Bangaladash da Biyetnam da Turkiyya, masana'antar tufafinsu ba ta mutu ba, ta wasunsu ma ƙaruwa ta yi. Abin da ya sa bugun ya kayar da Kaduna shi ne shekara 20 da aka yi babu wuta tsayayyiya, babu sabon inji, babu iyakar da ake tsarewa, kuma ba a taɓa kai ga yin injin ko rinin a gida ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Daga baya gwamnati ta ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu, a 2019 kuma Babban Banki ya hana masu shigo da yadi kuɗin waje. Kakuri ba ta dawo yadda take ba, domin bashi ba ya kawo wuta, kuma ba ya rufe hanyar fasa-ƙwauri.

Abin da ke saura bayan an kashe inji

Ba kowane garin da kamfani ya bari ke mutuwa ba. Oulu, a arewacin Finlan, ita ma ta rasa dubban ayyukan Nokia a daidai lokacin da Salo ta rasa nata. Amma Oulu tana da jami'a tun 1958, wadda ta daɗe tana horar da injiniyoyin sadarwa, tana da cibiyar bincike ta gwamnati, kuma sashen Nokia mai yin na'urorin turakun sadarwa bai bar garin ba. Nokia ya kuma buɗe wani shiri mai suna Bridge a 2011, yana ba waɗanda ya sallama jari da horo su kafa nasu kamfani. Injiniyan da ya iya eriya da batir da ƙaramar na'ura mai auna motsi, iliminsa bai mutu da Symbian ba. A Oulu aka kafa Oura a 2013, kamfanin zoben nan da ke auna barci da bugun zuciya. A jami'ar garin aka buɗe babban shirin binciken 6G a 2018, tun kafin 5G ta iso hannun jama'a.

Rochester ma jami'a ce ta riƙe ta. George Eastman ya zuba dukiya mai yawa a Jami'ar Rochester, kuma tun 1929 take da cibiyar nazarin haske da gilashin kyamara. Yau jami'ar da asibitocinta su suka fi kowa ɗaukar ma'aikata a yankin, ga ƙananan kamfanonin gilashi da na'urorin haske da tsofaffin ma'aikatan Kodak suka watsu cikinsu. Duk da haka, birnin da ke da mutum sama da 330,000 a 1950 ya koma wajen 211,000 a 2020, kuma talauci ya yi katutu a unguwannin tsakiyarsa. Injiniya ya samu mafita, leburan layin naɗe fim bai samu ba. Salo kuwa, da ba ta da babbar jami'ar bincike, tashinta ya fi jinkiri. Sai a 2019 Valmet Automotive ya fara haɗa batirin mota a tsohuwar masana'antar Nokia. Abin da ya jawo shi shi ne gini mai kyau, da wuta, da mutanen da suka saba aikin lantarki mai buƙatar tsafta da natsuwa.

Darasin a fili yake. Gini yakan tsufa, inji yakan yi tsatsa, sunan kamfani a sayar da shi, kamar yadda sunan Nokia ya koma kan wayoyin HMD daga 2016. Abin da ke cikin kan mutane ne kaɗai ke zama a gari, shi ma sai in yana da inda zai shiga ya yi aiki. Kaduna ba ta rasa makarantu ba, ga ABU a Zariya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, dukkansu suna koyar da ilimin yadi. Abin da ta rasa shi ne wuta da jari da za su sa makanikin masaƙa ya buɗe ƙaramin wurin ƙera kayan gyara. Sai ya sayi babur ya shiga acaɓa, ilimin shekara 20 ya tafi a banza.

Ina ruwan mai riƙe da waya?

In gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, sai a shafa wa nasa ruwa. Matashin yau ba ya aiki a masaƙa, amma da yawa sun gina rayuwarsu kan kamfani ɗaya ba tare da sun lura ba. Mai sayar da atamfa da turare wadda duk kwastomominta a Instagram suke, da mai barkwancin da duk kuɗinsa daga TikTok ko Facebook ke zuwa, da mai POS da ke jingine da kamfani ɗaya, kowannensu ƙaramar Salo ce. Hannu nasa, hukunci na wani. An ga misali a Yunin 2021 da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter har zuwa Janairun 2022, an kuma gani a Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara. Kamfani ma in ya ga dama ya canza tsarin biyan kuɗi ko ya rufe shafi cikin dare, babu wanda zai tuntuɓa a Kano. Wanda ya tara lambobin kwastomominsa a wajensa, yake da hanya fiye da ɗaya ta isa gare su, shi zai buɗe shago washegari.

Haka abin yake a kasuwar waya ta Farm Centre da makamantanta. Mai canza gilashi da batir kawai, aikin layin Jucu yake yi: yana da kasuwa yau, amma kowa zai iya koya cikin wata biyu, kuma ranar da kamfanoni suka canza yadda ake haɗa waya aikin zai ragu. Wanda ya iya karanta taswirar allon waya, ya san auna wuta, ya iya ɗaga ƙaramar na'ura ya dasa wata, ilimin Oulu yake da shi. Gobe zai gyara inbata, ya gyara na'urar sola, ya gyara batirin babur mai lantarki, ko da wayar da ake yayi yau ta ɓace.

Masu mulki ma akwai tambayoyin da ya kamata matasa su riƙa yi musu. Duk lokacin da aka yanke ƙyalle aka ce an buɗe masana'antar haɗa waya ko kwamfuta ko taransifoma, a tambaya: wane sashe ake yi a gida, wane ne kuma ake kwancewa daga kwali a ɗaura? Injiniyoyi nawa 'yan gari za a horar? Daga ina wutar za ta zo? In kamfanin ya tattara ya tafi bayan shekara biyar, me zai bari? Kamfanin Mara ya buɗe masana'antar waya a Durban ta Afirka ta Kudu a 2019 da gagarumin biki, ba a yi shekara uku ba aka rufe ta. Shenzhen, inda kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel yake da hedikwata, ƙarfinta bai tsaya kan kamfani ɗaya ba. Dubban ƙananan masu yin allo da gilashi da caja da batir ne cunkushe a wuri guda, in ɗaya ya karye ma'aikatansa su tsallaka titi su shiga wani.

Jihar da ke son masana'antu su dawo Kakuri ko Sharaɗa, gara ta sa kuɗinta a wutar da ba ta yankewa da makarantun sana'a masu kayan aiki na gaske, ta sauƙaƙa wa ƙananan masu ƙira ɗari su tsaya da ƙafarsu, da ta kashe shi wajen zawarcin babban kamfani ɗaya. Babban kamfani zai zo da kansa in ya ga wuta da ƙwararru, kamar yadda Valmet ya je Salo. In kuma wata rana ya tafi, zai bar gari mai sana'a a hannu.